Masu Gadi Biyar a Ƙofa Ɗaya

Moursal, N'Djamena
6 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga 'yata Hidaya, a Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Alamin, da nauyin da aka ce kina fama da shi, Allah ya raba lafiya. Mu nan afe, wato lafiya, kamar yadda mutanen garin nan ke cewa, sai zafi da ya fara leƙowa tun lokacinsa bai yi ba. Innarki Hawwa tana gaishe ki.

Kin ce in yi miki bayani a waya, na ƙi. Maganar waya iska ce, kafin in gama gyaran murya layin ya yanke. Salmanu direba zai taso da shanu jibi, shi zai kawo miki wannan, shi kuma zai dawo mini da amsa.

Maganar odinato ɗin yayanki marigayi ce, wadda ku a can kuke ce wa kwamfuta. Kin san abin da ke cikinta. Shekara biyu kafin Allah ya karɓi mahaifiyata, Kakarku Mero, yaron nan ya zaunar da ita a gindin darbejiyar tsakar gida ya ɗauki maganarta har zama arba'in da biyu: yadda suka taso daga Kano a ƙafa tana 'yar shekara tara za su Makka, yadda ciwo ya kwantar da mahaifinta a Fort-Lamy, sunan garin nan na da, aka ce a huta damina ɗaya, yadda damina ɗayan ta zama shekara saba'in da uku. Ita ta tafi, shi ma da ya ɗauka ya bi ta, yau shekara uku. Muryoyin nan babu su ko'ina a duniya sai cikin wannan akwati. Na riƙe shanu ɗari huɗu a rayuwata, ban taɓa jin tsoron rasa abu kamar wannan ba.

To, bara cuta ta shiga ta maƙwabcinmu Malam Shu'aibu, wanda ya yi ritaya daga koyarwa, ta cinye hotunan auren 'yarsa kaf. Tun ranar na ce tawa ba za ta zauna da mai gadi ɗaya ba. Dama akwai wanda marigayi ya sa da hannunsa, mai koren tambari. Lukumanu mai sayar da waya a kasuwa ya ƙara mini wani mai ja. Akawun ƙungiyarmu ta mahauta ya zo da nasa, ya ce wannan katanga ce, ba ta barin baƙo ya shigo ta intanet. Wani ɗan Maiduguri da ya buɗe shago kusa da mu ya ce na Faransanci duk ragwaye ne, ya sa mini mai jin Ingilishi. Na biyar shi ya kawo kansa. Ina zaune ya fito da jan rubutu yana ƙyaftawa, Malam Shu'aibu ya karanta ya ce wai ya hango cuta ɗari biyu da sha ɗaya, yana neman izinin shiga ya kama su. Wanda ya zo neman aiki da ƙwazo haka ai ba a korarsa. Na ce bismilla.

Yanzu ga matsalar. In na kunna ta bayan sallar asuba, sai in sha shayi, in leƙa rumfar nama in dawo, ba ta gama farkawa ba. Wannan ya fito da saƙo, wancan ya fito ya danne shi. 'Yar kibiyar nan ta tsaya cik. Tana hura zafi ta gefe, kwanan nan kuma ta fara wani ƙas-ƙas daga ciki. Jakar da muryoyin suke kuwa, ana taɓa ta komai ke daskarewa.

Na zauna na yi tunani, kuma na gano bakin zaren: masu gadi biyar ne babu shugaba. Abin da nake so, ki aiko mini na shida, babba, na Kano, wanda zai tsawata wa sauran kowa ya kama wurinsa. Aikinki ne, kada ki aiko mini da rago.

Na ba Salmanu kilishi da busasshen kifin kogin Shari. Ki duba da kyau, na san halinsa da kilishi a hanya. Ki gaida maigidan. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Mijinyawa

*

Kano
24 ga Fabrairu, 2024

Zuwa ga Kawuna abin girmamawa.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka cikin ladabi, ina gaida Inna da kyau. Saƙo ya iso, mun gode, Allah ya ƙara girma. Kifin ya zo cif. Kilishin ya zo da alamar an gaisa da shi a hanya.

Kawu, ka gafarce ni, na karanta wasiƙarka ina dariya har Alamin ya leƙo ya ga ko lafiya. Da na kai wurin ƙas-ƙas sai dariyar ta tsaya. Ba zan aiko na shida ba. Ina roƙonka ka karanta wannan sau biyu kafin ka yi fushi.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an gina shi ne ya tsaya shi kaɗai a bakin ƙofa. Duk abin da za a buɗe, sai ya riƙe shi ya bincika tukuna. In sun yi yawa, mai ja ya riƙe, mai kore ya ga wani ya riƙe abu ya ce ɓarawo ne ya damƙe masa hannu, mai Ingilishi ya zo ya damƙe su duka biyun. Katanga kuma tana toshe duk ƙofar da wani ya buɗe don neman sabon umarni, shi ya sa rabinsu ma sun daɗe ba su san sababbin cututtuka ba. Ba ƙarin tsaro ka samu ba, Kawu, kokawa ake yi a zaurenka. Na biyar ɗin nan da ya kawo kansa kuwa, shi ne ɓarawon. Haka suke zuwa.

Ƙas-ƙas ɗin nan faifan da ke ajiye komai ne. Shekararsa goma, ya gaji. Duk kunnawa sai su biyar ɗin kowa ya karanta shi daga farko har ƙarshe, a cikin wannan zafi. Wata rana zai yi shiru, kuma in ya yi shiru da wuya a tashe shi, ko a nan Kano.

Ga abin da za a yi. A zare ɗan akwatin intanet daga jikinta, ba ta da abin yi da shi. A daina kunna ta sai ranar aiki. Ranar, Malam Shu'aibu ya zauna kusa da kai ya karanta Faransancin, a cire masu gadin ɗaya bayan ɗaya. Na sa sabon filash a cikin wannan ambulan, kile kamar yadda kuke cewa, ko ledarsa ban ɓare ba. A sa shi, a kwafe jakar Kaka. Shi ke nan. Da zan iya hawa mota da na zo na yi da kaina, amma an hana ni doguwar tafiya.

Kawu, ni fa ina wurin a yawancin zaman nan. Ni ce mai yi wa Kaka fifita, shi ya sa Yaya Junaid ya sa mini Madam Fanka, sunan da ya bi ni har makaranta. Ladana kofin karkanji ne mai sanyi daga randar Gaoui ta Inna. Ranar farko Kaka ta kalli ɗan abin ɗaukar maganar ta ce, "Wannan yana jin Hausa kuwa, ko sai na yi masa Larabci?" Yaya ya ce yana jin komai, ta ce to a kashe shi in za ta yi maganar dangin mijinta. Yanzu ina zaune a garin da ta baro tana yarinya, na je unguwar da ta faɗa na nemi rijiyar da take ba mu labari, ba wanda ya san ta. Ina so abin da zan haifa ya ji wannan muryar. Ina kewar gidan nan ƙwarai.

Don Allah kada a ɗau lokaci. Ka huta lafiya.

'Yarka,
Hidaya

*

Moursal
14 ga Maris, 2024

Zuwa ga Hidaya.

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, yau mun kai huɗu. Ina fata azumin bai wahalar da ke ba, in ma an bar ki kin yi.

Na karanta sau biyu kamar yadda kika ce, kuma na yi fushin duk da haka. Yarinyar da na goya a wuya na kai ta kallon kwalekwale ita ce yau take koya mini gadi.

Shekara ashirin da shida ina da zangon shanu a Lamadji, lokacin Lamadji daji ne, sai ƙaya da kuraye. Ban taɓa ɗaukar masu gadi daga gida ɗaya ba. Balarabe ɗaya, Bafulatani ɗaya, ɗaya daga mutanen kudu, waɗanda ba sa haɗa kwano. Kowa ido ɗaya a kan shanu, ɗayan a kan abokin aikinsa. Ko ɗan maraƙi ban taɓa rasawa ba. Haka mahaifina ya yi, haka duk wani mai hankali a wannan sana'a yake yi. Rashin jituwar da kike kira cuta, ni ita nake nema da gangan. Ranar da masu gadinka suka fara dariya tare, ka ƙirga shanunka.

Makon jiya na hau kalando, acaɓarmu ta nan, na je Lamadji ɗin, haka kawai. Hidaya, ban gane wurin ba. Gidaje ne ta ko'ina, bulo a kan bulo. Rijiyar da muka haƙa da hannunmu an rufe ta. Tsamiyar da yayanki yake hawa yana ƙirga mini shanu da yamma, yana ɓata lissafi yana sakewa, na same ta a tsakar gidan wani, rassanta kawai ake gani ta saman katanga. Na tsaya a waje kamar mai neman aiki. Mai babur ya tambaye ni ko na ɓata ne, na ce masa kalas, ya isa, mu koma.

Don kada ki ce ban ji maganarki ba, na biyar ɗin mun kore shi. Kwana biyu muka yi da Malam Shu'aibu, a kore shi ta nan ya ɓullo ta can, wanda ya nuna kina da gaskiya a kansa. Akwatin intanet ma na zare. Amma sauran huɗun suna nan. Ba a sallamar mai gadi ba tare da laifi ba, kuma waɗanda suka sa su suna shigowa gidan nan shan ruwa. Da wane ido zan kalli Lukumanu?

Kile ɗinki yana aljihun babbar rigata. Ban sa ba tukuna. Ta irin wannan ƙofar cuta ta shiga ta Malam Shu'aibu, ki bari in gama nazari. Zafin kuma na yi maganinsa, na matsar da ita kusa da randa, na jingina mata fanka in akwai wuta. Ƙas-ƙas ɗin tsufa ne kawai. Gwiwata ma tana yi shekara goma, ga ni ina zuwa kasuwa.

A gaida Alamin. Allah ya karɓi ibadarmu.

Kawunki,
Mijinyawa

*

Moursal
16 ga Maris

Hidaya 'yata,

Sallama da gaisuwa. Ni ce Innarki Hawwa. Halimatu matar Malam Shu'aibu ce ke rubuta mini, ni ke faɗa. Zan ba Salmanu a hannu ba da sanin Kawunki ba. Yaya jikin? Ki riƙa cin abinci, ki bar tsayuwa da yawa.

Na san abin da ya rubuta miki, don sai da ya karanta wa kansa da ƙarfi yana gyaɗa kai. Ba duka gaskiya ba ne. Ƙarfen nan da kika aiko ya sa shi, tun washegarin zuwansa. Na'urar ta ƙi karɓa. Malam Shu'aibu ya duba ya ce mai koren nan ne ya kulle ƙofar, in ba a cire shi ba babu abin da zai fita. Daga jin haka Kawunki ya zare ƙarfen ya sa a aljihu, ya ce a kawo wata maganar.

Ba kunyar Lukumanu yake ji ba. Bari in gaya miki abin da yake yi. Kullum bayan asuba sai ya kunna ta ya zauna. In ta gama jan jikinta, mai koren yana fito da ɗan allo, a ƙasansa an rubuta sunan mai shi. Halimatu ta ce in faɗi sunan ta rubuta, na ce ke kin san shi. Ɗanmu na fari ne, Kawunki bai taɓa kiransa da bakinsa ba, ko ranar suna, ni ma haka. To shi ne yake zama ya kalli sunan nan har rana ta fito, sannan ya kashe ya tafi kasuwa. Sauran da ya tara, wannan ɗayan suke gadi. Muryoyin kuwa tun rasuwar bai buɗe ko ɗaya ba, da ana iya buɗewa ya ce ba yanzu ba, yanzu kuma ba a iyawa.

Ni ban iya karatu ba, sunan nan zane ne kawai a wurina. Kuma akwai abin da ba a gaya miki ba. Kunnena na hagu ya tafi tun bara. Na dama yanzu sai an tsaya a gabana an ɗaga murya. Ladanin masallacin bayanmu da yake tashina shekara talatin, yanzu sai na ga kaji sun sauko nake sanin gari ya waye. Likita ya ce ba dawowa zai yi ba, gaba zai yi.

Fuskar ɗan'uwanki ina da ita a hoto. Muryar ce ta fara ɓace mini. Shekaranjiya na zauna ina neman yadda yake magana, na kasa, sai ta wani ke zuwa mini. Na yi kuka a madafa don kada Kawunki ya gani. Ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, shekara arba'in ke nan haka muke. Shi idonsa lafiya lau, zai iya jira. Ni ba zan iya ba.

Ke yake jin maganarki ko da yana musu. Ki san yadda za ki yi. Allah ya sauke ki lafiya, ya ba ki mai albarka.

Innarki

*

Kano
1 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga Kawuna.

Assalamu alaikum. Barkanmu da shiga goman ƙarshe, Allah ya sa muna cikin 'yantattu. Ina gaishe ka da girmamawa.

Salmanu ya kawo mini wasiƙa biyu, ba ɗaya ba. Inna ta rubuto mini. Kada ka yi mata faɗa, in faɗa ne ni za ka yi wa, na saba.

Ina tuna zangon Lamadji, Kawu, kuma ban ce dabararka ba ta yi aiki ba. Amma kowa kusurwarsa ka ba shi, ɗaya gabas, ɗaya wajen rijiya, ɗaya bakin hanya. Ban taɓa ganin ka tsayar da su uku a ƙofa ɗaya ba. Kuma da safe kai da kanka kake cewa a buɗe, shanu su fita kiwo. Zan bar maganar gadi a nan, don yanzu na san ba ita ce maganar ba.

Ina zaune a gefensa ranar da Yaya Junaid ya sa mai koren nan. Saboda ni ya kulle ƙofar kile ɗin. Na je shagon intanet na kusa da makarantarmu na kwaso waƙoƙi, na kwaso har da cuta, ya kwana biyu yana wankewa yana yi mini tsiya. Da ya zo wurin rubuta suna sai da ya gyara zama, ya rubuta nasa da naka a jere, ya ce, "Madam Fanka, daga yau sai da izinina." Da yana nan, da ya cire abin nan cikin minti biyu, don shi bai ɗauki maganar Kaka don a kulle ta ba. Ya sha cewa in ya gama zai raba wa kowa a dangi.

Na san abin da nake roƙonka ba ƙarami ba ne. Ina rubutawa ina share hawaye. Amma sunan da ke kan allon nan ana iya ɗaukarsa hoto. Malam Shu'aibu ya ɗauka da wayarsa, a wanke, ka sa a inda kake so. Kunnen Inna ba a iya ajiye shi sai an shirya. Kuma a cikin muryoyin, Kaka tana kiran sunan nan kusan kowane zama, ita ai ba ta jin kunyarsa. Za ka ji shi da bakinta.

A fara da mai Ingilishi, sai katangar akawu, sai mai ja. Bayan kowanne za ta nemi a kashe a kunna, a bar ta. Mai kore shi ne na ƙarshe. Da ya fita a sa kile, a kwafe nan take, kada a tsaya sauraro, kada a tsaya komai. Kuma Kawu, don girman Allah, daga yau zuwa ranar kada a ƙara kunna ta. Duk kunnawa tana rage abin da ya saura.

Ka yafe mini in na wuce gona da iri. A gaida Inna, a faɗa mata da ƙarfi.

'Yarka,
Hidaya

*

Moursal
23 ga Afrilu, 2024

Zuwa ga 'yata Hidaya.

Assalamu alaikum. Barka da sallah, da fatan an yi lafiya. Ban yi wa kowa faɗa ba.

Zan faɗa miki yadda aka yi ba tare da gyara ba. Wasiƙarki ta same ni ana jajiberin sallah. Na karanta, na san gaskiya ce, na kuma ajiye ta kwana goma sha ɗaya. A cikin kwanakin nan babu safiyar da ban kunna ba. Kullum sai in ce yau ce ta ƙarshe.

Ranar Asabar na kira Malam Shu'aibu da hantsi. Muka bi yadda kika tsara. Kowanne kafin ya fita sai ya yi ta magiya, wai na tabbata, wai zan zauna babu kariya. Na ce wa kowanne ya tafi, mun gode, ba laifinsa ba ne. Malam yana dariya, ni ban ga abin dariya ba. Ban taɓa sallamar ma'aikaci ban yi masa magana ba.

Da aka zo kan mai kore, Malam ya ɗauki hoton allon har sau uku. Ya nuna mini inda za a danna, na ce ya ɗan ba ni wuri. Ya fita tsakar gida. Na zauna ni kaɗai da sunan nan, ban san ko minti nawa ba. Ni na danna da hannuna.

Da aka sake kunna ta, kafin in miƙa hannu ga kofin shayi ta farka. Haka take a zamanin yaron nan, na manta. Muka sa kile ta karɓa. Malam ya ja jakar, muka ga suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirgawa da ƙarfi. A na goma ƙas-ƙas ya ƙaru. A na goma sha bakwai ya koma wani siririn kuka, sannan ta yi shiru. Mun kunna sau uku, allo baƙi. Lukumanu ya kai ta wurin mai gyara, ya dawo da ita jiya ya ce a yi haƙuri.

Sha bakwai muka samu, ashirin da biyar sun tafi. Yayanki ya sa wa kowanne suna, Malam ya karanta mini. Na farko "Fita daga Kano". Na sha bakwai "Kusuri, bakin ruwa". Wato Kakarku ta zo har gaɓar kogi tana hangen garin nan, ba ta ƙetare ba. Saukarsu, rasuwar mahaifinta, aurenta, haihuwata, duk suna cikin waɗanda suka tafi. Ba cuta ce ta cinye su ba, ba ɓarawo ba. Da na bi maganarki a Fabrairu da suna nan. Ko kwana sha ɗayan nan da na haƙura, wataƙila da suna nan. Ni ne, kuma na sani.

Na gaya wa Innarki, sai da na maimaita sau biyu kafin ta ji. Ta ajiye mini abinci ta koma. Ta ce ranar Juma'a za ta saurara, Malam yana da rediyon da ke karɓar kile. Abin da ke damuna shi ne, yaron nan a bakin Kakarku yake ajiye abin ɗaukar maganar, shi kuma ya zauna nesa, ga shi dama ba mai ɗaga murya ba ne. Ban sani ba ko akwai abin da kunnenta zai kama.

Ki taya mu addu'a. A gaida maigidan.

Kawunki,
Mijinyawa

*

Moursal
29 ga Afrilu

Hidaya,

Sallama. Salmanu yana waje ya kunna mota, zan taƙaita.

Mun zauna a gindin darbejiya bayan an sauko daga masallaci. Aka ƙure rediyon, Innarki ta manna kunnen dama a jikinsa. Muryar Kakarku tana jin ta sama-sama. In yaron nan ya yi tambaya, ni ina ji, ita sai ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Ya yi magana?" Haka muka yi guda goma, ina ce mata e.

A na sha ɗaya, ana cikin labarin Dikwa, sai ƙarar turmi ta shigo daga baya. Yaron nan ya juya ya ɗaga murya iya ƙarfinsa: "Inna! Don Allah a ɗan tsaya da dakan nan, yana shiga cikin maganar Kaka!" Sai ga muryarta daga madafa: "To maganar Kaka za ka ci da rana?" Dakan bai tsaya ba.

Wannan ta ji shi. Ta riƙe rediyon da hannu biyu, ta ce, "Na tsaya. Na tsaya, yi maganarka."

Mun maimaita mata wurin har aka kira la'asar.

Allah ya sauke ki lafiya, 'yata.

Kawunki,
Mijinyawa